Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Ƙin a Gyara Fasalin Tsohuwar Manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyar manhaja ce, shekarata biyu ke nan a wani kamfani inda mu shida muke kula da wata manhaja mai lissafin kuɗin kaya, wadda ita ce take fitar wa masu saye takardar biya. An fara rubuta ta shekara tara da suka wuce. A cikinta akwai wani sashe guda mai layi kusan 800, shi ne yake lissafin rangwame da haraji da kuɗin dako gaba ɗaya, kuma an kwafe rabinsa an liƙa a wasu wurare. A watan jiya aka ce mu canza yadda ake lissafin rangwame, sai na canza a wuri biyu, ban san da na uku ba har sai da masu saye suka fara ƙorafi. Na nemi a ba mu mako uku mu gyara fasalin wannan sashe, sai babbanmu, wanda shi ya rubuta mafi yawansa, ya ce abin da yake aiki ba a taɓa shi, manaja kuma ya ce babu mai sayen da zai biya kuɗin kwaskwarima. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shin in yi gyaran a ɓoye, ko in matsa a zubar da manhajar a rubuta sabuwa, ko kuwa in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kina da gaskiya a kan cewa wannan sashe yana bukatar gyara, domin lissafi ɗaya da yake zaune a wuri uku zai sake cin amanarku ko ba daɗe ko ba jima. Sai dai ina so ki ajiye ɓacin rai ki dubi mutanen nan biyu da kyau, saboda kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma muddin ba ki gano abin da kowannensu yake tsoro ba, ko hujja ɗari kika kawo ba za su motsa ba.

Aikin da kike nema shi ne abin da masu sana'ar suke kira rifaktorin, wato a sake tsara rubutun manhaja daga ciki ba tare da an canza abin da take yi wa mai amfani da ita ba. William Opdyke ya yi digirinsa na uku a kan wannan batu a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1992, sannan littafin Martin Fowler na 1999 ya yaɗa shi a tsakanin masu rubuta manhaja. Sharaɗin da ke cikin ma'anar shi ne inda rigimar take: halin manhajar ba zai canza ba. To, wa zai tsaya wa wannan alkawari? A wasiƙarki ba ki ambaci gwaji mai sarrafa kansa ko guda ɗaya ba, wato ɗan rubutun da ke gudanar da manhajar da kansa ya duba ko amsar da ta bayar daidai ce, kuma da akwai shi, da ya kama wurin nan na uku kafin masu saye su kama shi. Idan babu gwaji, abin da babbanku ya ji daga bakinki shi ne kina so ki yi mako uku kina jujjuya layi 800 na lissafin kuɗin mutane, alhali babu abin da zai nuna muku kun yi ɓarna sai wayar mai ƙorafi. Yana gudun kada garin neman gira a rasa ido, kuma a halin da kuke ciki tsoronsa yana kan hanya.

Akwai kuma abin da ya sani wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Ni kaina na taɓa cin karo da wannan a farkon aikina. Na ga wasu layi huɗu a wata manhaja suna duba ko kwanan wata ya zo da rana a gaba ko da wata a gaba, alhali duk bayanan da nake gani tsari ɗaya suke zuwa da shi. Na ɗauka shara ce, na share su, aka duba ba a ga komai ba. Bayan kwana goma sha ɗaya wani tsohon abokin hulɗa ya turo bayanansa na wata-wata daga wata tsohuwar na'ura da take rubuta kwanan wata a juye, sai manhajar ta karanta ranar 3 ga Afrilu a matsayin 4 ga Maris, lissafin watan ya rikice, muka kwana biyu muna warwarewa. Wanda ya rubuta waɗannan layi yana zaune kusa da ni, kuma da na tambaye shi da minti ɗaya ya ishe shi ya yi mini bayani. Tun daga ranar nake ɗaukar kowane layi mai muni a tsohuwar manhaja a matsayin tabo, wato shaidar wani ciwo da aka taɓa ji aka warke. Wasu tabon ciwonsu ya wuce har abada, wasu kuwa har yanzu su ne suke tare jini, kuma babbanku ne kaɗai a cikinku zai iya bambance su ba tare da dogon bincike ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, amma shi ne kuma ya fi kowa sanin inda ramin yake.

Saboda haka matakin farko ba ya bukatar izinin kowa, kuma ba ya taɓa layi ko ɗaya na sashen. Michael Feathers, a littafinsa na 2004 kan aiki da tsofaffin manhajoji, ya ce abin da ya sa rubutu ya zama tsohon gado mai wuyar taɓawa shi ne rashin gwaji, ba yawan shekaru ba. Ya kuma bayyana wani nau'in gwaji da aikinsa kawai ya rubuta halin da manhaja take nunawa a yanzu. Ga yadda za ki yi a naku wurin. Ki ɗebo tsofaffin takardun biya masu yawa kuma iri-iri, da mai rangwame da marar rangwame, da wanda aka mayar da kaya, da mai adadi ƙanƙane, da mai adadi babba, bayan kin cire sunayen mutane da bayanansu. Ki shigar da su cikin sashen kamar yadda yake, ki adana duk amsar da ya bayar, har da wadda kike ganin kuskure ce. Wannan tarin amsoshi shi ne ma'auninku. Daga nan duk wanda ya canza wani abu, cikin 'yan daƙiƙu gwajin zai gaya masa ko wata takarda ta fito da adadi dabam. Ki je wurin babbanku ki ce masa, "Yallaɓai, waɗanne irin takardu ne suka taɓa ba ka wahala a wannan sashe, in sa su cikin gwajin?" Da wuya ya ƙi amsawa, domin tambayar ta ɗauke shi a matsayin masani, kuma amsarsa za ta kwashe ilimin da ke kansa ta zuba shi inda kowa zai amfana.

Bayan gwaji ya tsaya da ƙafarsa sai a fara gyara, kaɗan-kaɗan ƙwarai. Ki canza sunan wani ma'aji, wato wurin da manhajar take ajiye wani adadi ko bayani, daga harafi ɗaya marar ma'ana zuwa sunan da ke faɗin abin da yake ɗauke da shi, ki gudanar da gwaji, ki adana. Ki ciro layukan da ke lissafin rangwame ki ba su suna da mazauninsu na kansu, ki gudanar da gwaji, ki adana. Sannan ki sa wuri na biyu ya riƙa kiran wannan sabon mazauni maimakon kwafinsa, daga baya na uku ya bi. A nan ne sau da yawa ake gano cewa kwafin uku ba daidai suke ba, domin shekaru sun sa an gyara ɗaya an manta da ɗaya, kuma wannan bambanci tambaya ce da za a kai wa masu kasuwancin su yanke, ba ke za ki yanke da kanki ba. Kent Beck, wani sanannen mai rubuta manhaja, ya kwatanta aikin da hula biyu: ta gyaran fasali da ta ƙara sabon abu, kuma ba a sa su a lokaci ɗaya. Amfanin raba su a bayyane yake ga mai bitar aikinki. Idan kika turo masa canjin layi 30 kika ce babu halin da ya sauya, zai karanta ya gamsu cikin minti goma. Idan kika turo canjin layi 2,000 wanda ya cakuɗa gyaran fasali da sabon lissafi, ko dai ya sa hannu bai karanta ba, ko ya ƙi gaba ɗaya, kuma da yawa daga turjiyar da ake gani a ƙungiyoyi daga irin wannan tuƙin ta samo asali.

Shi kuwa manaja matsalarsa dabam ce. Kin roƙe shi mako uku, kin kuma yi masa alkawarin cewa a ƙarshensu manhajar za ta yi daidai abin da take yi yau. Ta fuskar wanda zai je ya yi wa na sama da shi bayani, wannan ciniki ne marar riba, kuma kalmomi irin su tsabta da kyan tsari ba su da nauyi a ma'auninsa. A 1992 wani mai rubuta manhaja, Ward Cunningham, ya kawo misalin bashi don ya warware irin wannan rashin fahimta: fitar da manhaja da gaggawa kamar cin bashi ne, yana iya zama dabara mai kyau, amma duk lokacin da ake ɓatawa saboda tsarin da bai dace ba kuɗin ruwa ne ake biya a kai. Aikinki shi ne ki nuna masa kuɗin ruwan da idonsa. Canjin rangwamen watan jiya kwana nawa ya ci? Ƙorafi nawa aka samu, kuma awa nawa aka kashe ana gyara takardun da suka fita da kuskure? Ki rubuta waɗannan, ki ci gaba da rubutawa duk lokacin da aka taɓa sashen. Sannan ki daina neman makonni na musamman. Idan aka kawo aiki na gaba da ya shafi wannan lissafi, ki sa gyaran cikin ƙiyasin aikin, ki ce kwana biyu na share hanya, kwana ɗaya na canjin kansa. Beck ya ba da wannan shawara a taƙaice, cewa a fara sauƙaƙa canjin, ko da hakan zai yi wuya, sannan a yi canjin da ya zama mai sauƙi.

Maganar cewa abin da yake aiki ba a taɓa shi tana da iyaka, kuma ya kamata ku duka ku san iyakar. Tun a shekarun 1970 Meir Lehman ya lura cewa manhajar da ake amfani da ita dole ta ci gaba da canzawa, kuma sarƙaƙiyarta tana ƙaruwa sai fa idan an yi aiki da gangan don a rage ta. Ku ma kuna taɓa sashen nan duk lokacin da aka canza haraji ko rangwame, kawai dai kuna taɓa shi cikin tsoro. Labarin Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, ya isa ishara. Akwai wani tsohon sashe a manhajarsu da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. A 2005 aka matsar da ɓangaren da ke ƙirga yawan hannun jarin da aka riga aka saya zuwa wani wuri, ba a sake gwada tsohon sashen ba. A 2012 suka sa sabon rubutu wanda ya yi amfani da alamar da a da take kunna tsohon, kuma sabon ya hau kwamfutoci bakwai daga cikin takwas. Ranar 1 ga Agusta ta takwas ɗin ta tayar da mataccen sashen, ya yi ta aika umarnin ciniki ba tsayawa, cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Ki lura cewa labarin yana da kaifi biyu: barin tsohon rubutu a kwance ya yi ɓarna, matsar da rubutu ba tare da gwaji ba shi ma ya yi ɓarna. Idan za ki ba babbanku labarin, ki ba shi duka.

Zubar da manhajar a sake sabuwa ba na ba ki shawararsa. Netscape ta bi wannan hanya a 1998 da manhajarta ta shiga intanet, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kuma a tsakanin nan kishiyarta Internet Explorer ta kamfanin Microsoft ta mamaye kasuwa. Sabuwar manhaja tana farawa ne babu ko ɗaya daga tabon da na ambata, sai ta sake jin kowane ciwo daga farko, ga shi kuma dole a ci gaba da kula da tsohuwar har ranar da za a sauya. Idan har wata rana ya tabbata sai an maye gurbinta, akwai hanyar da Fowler ya kwatanta da wani nau'in ɓaure da ya gani a Ostireliya, wanda yake tsirowa a jikin wata bishiya, ya riƙa saukar da saiwoyi yana kewaye ta har ya tsaya da kansa. Ana gina sabon sashe a gefen tsohon, a karkatar da aiki ɗaya zuwa gare shi, in ya zauna a karkatar da na gaba.

Game da yi a ɓoye, Fowler da kansa ya taɓa cewa idan manaja ba zai fahimta ba, kada a gaya masa. Na yarda da shi a kan ƙananan gyare-gyaren da ke cikin aikin da aka ba ki, domin canza suna ko raba dogon sashe gida biyu yana cikin iya sana'a, ba abin neman izini ba ne. Amma babban gyara a asirce ban yarda da shi ba. Abokan aikinki suna rubutu a kan fayil ɗin da kike jujjuyawa, ranar haɗa aiki rubutunku zai yi karo, kuma idan wani abu ya lalace za a ce ga abin da aka hana ta, daga nan an rufe ƙofar gyara na shekaru.

Tambaya: Malam, ni manaja ne, ban iya rubuta manhaja ba. Kusan kowane wata sai ma'aikatana su ce suna bukatar lokacin gyaran fasali. Yaya zan gane lokacin da bukatar ta gaskiya ce da lokacin da sha'awa ce kawai?

Amsa: Ranka ya daɗe, tambayarka tana da kyau, kuma gaskiya ne cewa wani lokaci mai rubuta manhaja yana kiran abu gyara alhali so yake ya gwada sabon kayan aikin da ya gani, ko kuma salon wanda ya gabace shi ne bai yi masa ba. Ba sai ka iya karanta rubutun ba kafin ka tantance. Ka tambaye su wane aiki ne daga cikin waɗanda ke gabanku a watanni masu zuwa wannan gyara zai sauƙaƙa, kuma da me. Mai bukata ta gaskiya zai ambaci aikin da sunansa, ya kuma tuna maka lokacin da wannan wuri ya jinkirta ku. Sannan ka ce su nuna maka tarihin canje-canje. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 kuma mafi yawan ƙungiyoyi suke amfani da shi, yana adana kowane canji da ranarsa, don haka cikin 'yan mintuna za a iya fitar maka da fayilolin da aka fi taɓawa a shekarar da ta wuce. Fayil mai rikici wanda ake taɓawa kowane mako shi ne yake cin kuɗinka. Wanda yake da muni amma shekara uku ba a buɗe shi ba kuma ba ya kawo ƙorafi, a bar shi ya huta.

Ka kuma tambayi yadda za a san gyaran bai ɓata komai ba, da yadda za a san ya ƙare. Idan amsar ita ce za a dakatar da komai sai an gama, ka nemi a yanka aikin gunduwa-gunduwa ta yadda za a iya tsayawa a kowace gaɓa manhajar tana aiki.

Akwai abu guda da ya rataya a wuyanka kai kaɗai. Idan yabo da ƙarin girma suna zuwa ne kawai ga wanda ya fitar da sabon abu, kuma wanda ya yi gyara ba a tunawa da shi sai ranar da wani abu ya lalace, to ka riga ka koya wa mutanenka su guji gyara, ko da bakinka yana cewa su yi. Alamomin da za ka sa wa ido su ne ƙaramin canji ya riƙa cin kwanaki fiye da yadda irinsa yake ci a bara, sabon ma'aikaci ya yi watanni bai iya taɓa wani sashe ba, ko kuma a ce wuri kaza mutum ɗaya ne kawai yake shigarsa. Na ƙarshen nan ya fi haɗari, domin ranar da mutumin ya tafi hutu ko ya bar aiki, sashen ya zama kulle babu mabuɗi.

Tambaya: Malam, na dawo daga hutu na tarar wani ƙaramin ma'aikaci ya sake fasalin sashen da na yi wata huɗu ina rubutawa, bai ko gaya mini ba. Na ji kamar an ce ban iya aiki ba. Shin ina da haƙƙin in mayar da shi yadda yake?

Amsa: Ɗan'uwa, zafin da ka ji abu ne da kowa zai ji, kuma rashin sanar da kai kuskure ne da ya kamata ka faɗa masa cikin natsuwa. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka rubuta sashen ne da sanin da ake da shi a lokacin, shi kuma ya gyara shi da sanin da aikinka ya samar. Tun 1971 Gerald Weinberg ya yi kira ga masu rubuta manhaja su raba darajar kansu da rubutunsu, domin wanda yake kare rubutunsa kamar mutuncinsa ba ya iya ganin kuskuren da ke ciki. Kada ka mayar da komai tukuna. Ka zauna da shi ku bi canje-canjen ɗaya bayan ɗaya, ka nuna masa duk inda ya cire wani abu da kai ka san dalilin sa shi, ku rubuta wa wannan dalili gwaji da ɗan bayani a gefen layin, inda kuma nasa ya fi sauƙin karantawa ka bar shi. Daga nan ku kai wa sauran ƙungiyar shawarar cewa duk gyaran da ya wuce fayil ɗaya ko biyu, wanda ya fi sanin wurin ne zai yi bitarsa kafin a haɗa, ko da hakan na nufin a jira ya dawo daga hutu.